Baƙin Lallen da Na Kai Dutsen Ƙanƙara

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Duk wadda ta zo dubiya sai ta ajiye kular abinci, ta yi mini sannu, ta saci kallon hannuna, sannan ta ce, "To Balki, wai yaya dutsen yake?" Na ba da labarin a falo, na ba da shi a waya, na ba da shi a ƙofar masallaci, har ya fara canja kama a bakin mutane. Shekaranjiya aka ce mini an ji a gidan suna wai daga sama na faɗo. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya kowa ya huta. Da hannun hagu nake danna wayar, don haka a yi haƙuri da ni.

Ni 'yar Maradi ce, a Amurka nake zaune, kitso nake yi a wani shago a kan Gate City Boulevard, tsakanin mai gyaran taya da kantin kayan miya. Mu biyu ne a shagon, ni da Hajiya Rabi 'yar Kano, ita ƙunshi da ɗinki, ni kai. Da yatsun nan na biya haya, na kai uwata Makka, na yi wa yara makaranta.

Ummi ce 'yar farina. Laƙabi ne ubanta ya sa mata, sunanta na yanka ba ya fita daga bakina, ko laƙabin ma ba na kiran ta da shi a gaban idonta, sai dai "ke". Haka na ga uwata tana yi wa yayarmu, kuma a gida ba wanda zai ce ƙiyayya ce. Nan kuwa yarinya ta taso tana ganin ana rungume ƙawayenta a ƙofar makaranta ana sumbatar goshinsu. Abin da ya rage tsakanina da ita kitso ne. Ranar Lahadi ta zauna ƙasa tsakanin gwiwoyina, in tsefe, in shafa mai, in kitsa. A nan kaɗai nake taɓa kanta ba tare da jin nauyi ba, a nan kaɗai kuma take yi mini Hausa. Da ta shiga jami'a sai ta daina. Ta ce kitsona yana cin gaban goshinta, ta koma wani shago a Downtown, can tsakiyar gari. Na ƙyale ta. Amma ba Lahadin da ta wuce ban ji ta a ƙirjina ba.

A jami'ar ta yi ƙawa Baturiya, Keti, uwar kuma sunanta Linda. Suna da gidan katako can yamma cikin duwatsu, inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara. Kowane hutun sanyi can Ummi take. Ta dawo, Linda ta ce kaza, Linda ta dafa kaza, har na ji tana ce mata "Mom Linda" a waya. Na tsani matar tun ban gan ta ba, Allah ya yafe mini. Sai ga shi Ummi ta gama karatu ta sami aiki a Colorado, za ta tafi da zarar sanyi ya wuce. Ran nan muna kicin ta ce, ba ta ma dube ni ba, "Mommy, just come. Sau ɗaya kawai ki zo ki ga dutsen."

Malam, maigidana, direban babbar mota ne, yana can wata jiha na kira shi. Ya ce, "Dutsen ƙanƙara? Mi kika yadda can da za ki je ɗaukowa?" Na ce ɗiyata. Sai ya ce Allah ya tsare hanya. Abin da na fara sawa a jaka mataji ne da kibiya da kwalbar man kaɗanya. Na ƙudura a raina, a gidan nan, a gaban Linda, sai yarinyar nan ta zauna na yi mata kitso kafin ta bar mini gari.

Kafin tafiya Ummi ta kai ni wani katon kanti na kayan hawan dutse. Riga da wando ba su ba mu wahala ba, na dai koma kamar buhun gawayi. Rigimar a kan safar hannu aka yi ta. Mai kula da wurin wani dattijo ne mai farin gemu, ya kama hannuna ya jujjuya kamar mai sayen akuya, ya tambayi ko hannuna yana saurin yin sanyi. Ummi ta ce ina da ciwon suga. Sai ya mayar da mai yatsun da ya ɗauko, ya kawo wata dunƙulalliya, yatsu huɗu a ɗaki ɗaya, babban yatsa shi kaɗai a gefe. Ya yi ta bayani Ummi tana juya mini abin da ya kuɓuce mini. Wai yatsu in suna tare suna ɗumama juna, in an raba su kowa ta kansa yake yi. Wai in duba tafin, fata ce mai kauri, ba ta yagewa. Bayanta ba ya shan ruwa. Wuyanta dogo ne yana hawa kan hannun riga a ja igiya a tsuke, ƙanƙara ba ta samun hanya. Ya ce kar ta matse, a bar ɗan fili a kan yatsu, don iskar da ke ciki ita ce ɗumin. Ya ce abu biyu ke kashe hannu a can, matsi da lema. Ya dubi zobbana ya ce in cire su.

Na zura hannu na ɗaga na kalla. Zunguru ne sak, irin ƙwaryar nan doguwa da kakanninmu suke cusa hannu a ciki in sun yi lalle. Na ce, "Ke, da wannan zan gaisa da mutane? Kamar wadda aka yanke wa yatsu?" Da bakina na faɗi haka. Ummi ta juya ido ta ce ba gasar kyau za mu ba, ta biya, ta sa a leda.

Washegari na shiga wani kantin kayan mata kusa da shagonmu na sayi tawa. Baƙar fata mai laushi, siririya, mai yatsu, da 'yan maɓallai a wuya. Ta kama ni tsaf kamar a hannuna aka ɗinka ta, har shatin zobe ana gani. Hajiya Rabi ta gani ta ce, "Yanzu na ji magana. Kuma wallahi ba za ki je gidan matar nan da hannu fari kamar mai takaba ba. Zauna." Ta yi mini ƙunshi irin na uwar amarya, zane a bayan hannu, kan yatsu kuwa ta turmusa su cikin baƙin lalle har gaɓa ta biyu, suka fito baƙi wuluk. Muka yi ta yabawa. Ba wadda ta yi laifi a cikinmu, ina mace za ta yi baƙunta ba lalle?

Muka kama hanya da hantsi, Ummi tana tuƙi. Har muka wuce Winston-Salem duniyar da na sani ce, tituna da kantuna. Daga nan hanya ta fara hawa. Ba shinge, ba ɗan sanda mai neman takarda kamar a iyakarmu ta Ɗan Issa, amma na san lokacin da muka ƙetare iyaka. Mun tsaya shan mai, na shiga kewayawa, na ga kowa ya bar abin da yake yi yana kallon ɗankwalina. Ba wanda ya yi mini rashin mutunci, wata tsohuwa ma har ta riƙe mini ƙofa. Amma daga nan ban ƙara ganin baƙar fata ba sai tawa da ta ɗiyata. Kunnena ya toshe, hanya ta riƙa murɗewa, na yi amai a gefen titi cikin iska mai yankan fuska. Ummi ta miƙo mini ruwa ta koma mota. Na buɗe dambun naman da na yi guzuri don in gyara baki, ta sauke gilas ta ce warinsa zai kama kujera.

Linda ta fito tarbar mu ba ko takalmi, da kare a bayanta. Ta rungume Ummi ta kira ta da sunanta na yanka, gatsau, har sau biyu. Sannan ta zo ta rungume ni ni ma, na tsaya ƙiƙam kamar turmi. Abin da ya fi ba ni haushi, matar ba ta da abin ƙi. Ta ɗaure karen a wani ɗaki saboda ni. Ta nemo naman halal tun daga gari. Ta tambayi Ummi inda gabas take ta share mini kusurwa. Na zo da shirin gaba, na rasa inda zan kama.

Abincinsu dai sai a hankali. Miya ce a kwano ba tuwo, da burodi, da cuku mai tsami. A wurinmu in baƙo ya ce ya ƙoshi sai an ƙara masa sau uku. Nan na ce na ƙoshi don kunya, aka ɗauke kwanon. Na koma ɗaki na ci dambuna a ɓoye kamar ɓarauniya. A teburin ne Linda ta ja mini kunne. Ta ce gobe za a yi sanyi da iska fiye da yadda aka saba, in riƙa duba yatsuna, in na ga sun yi fari ko toka-toka in gaya mata nan take. Na ce to. Hannuwana suna ƙarƙashin mayafi, ina ɓoye lallen sai gobe, in fito da shi a bainar jama'a.

Da safe na ɗauki zungurun Ummi na juya shi, na mayar da shi ƙarƙashin filo. Na sa tawa, da zobbana. A mota Ummi ta gani ta ce, "Where are the mittens?" Zungurun take nufi, na ce yana cikin jaka. Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ban sani ba ko ta yarda.

Wurin wasan kuwa, ku ɗauka kasuwa ce aka kafa a gindin dutse, kowa ya rufe fuska, ba ka gane mace ba ka gane namiji. Aka ba ni takalma masu nauyi kamar an zuba siminti, aka maƙala mini dogayen alluna biyu a ƙafa, aka haɗa ni da wata malama da yara ƙanana. Yaran da ba su fi a goya su ba suna wuce ni fuu, ni kuwa in na ɗaga ƙafa ɗaya sai ɗayar ta tafi yawonta. Na faɗi ta gaba, na faɗi ta baya, na faɗi ina tsaye ban motsa ba. Kowace faɗuwa da hannu nake tarewa, ƙanƙara ta shiga ta wuyan safar ta narke a ciki. Kafin azahar safar ta jiƙe sharkaf ta manne mini kamar fatar kaza. Na yi ta tunani, mutanen nan Allah ya ba su gida mai ɗumi, su biya kuɗi su zo su faɗi. A Maradi in aka yi sanyin da bai kai rabin wannan ba, ko akuya ba ta fita.

Lokacin salla ya yi na shiga kewayen mata na yi alwala a famfo, mata suna bayana a layi suna kallon ƙafata a cikin kwamin wanke hannu. Injin busar da hannu guda ɗaya ne, ga mutane. Kunya ta hana ni tsayawa. Na yarfe hannu na cusa shi da lemarsa cikin jiƙaƙƙiyar safa, na sami lungu bayan wurin ajiye takalma na yi sallata.

Ina fitowa sai ga Ummi, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka na manta. Ta ce, "Mama, zo mu hau tare. Ƙaramin ne, ba wuya." Da Hausa ta faɗa. Ko rijiya ta ce in shiga a lokacin zan shiga.

Abin hawan lilo ne na ƙarfe da aka rataye a waya, yana zuwa ta baya ya kwashe mutum ya yi sama da shi. Muka zauna mu biyu, kafaɗa da kafaɗa, ƙafafu suna reto. Na ƙanƙame ƙarfen gaba da hannu biyu ina karanto duk abin da na haddace. Mun yi nisa sai abin ya tsaya cak. Ummi ta ce ba komai, saboda iska ne, yanzu zai tashi. Bai tashi ba. Iskar tana zuwa daga bayan dutse tana kaɗa mu, hawaye yana daskarewa a gefen idona. Yatsuna suka fara zugi kamar ana soka allura, zugin ya hau har gwiwar hannu. Ta ce, "Hannunki lafiya?" Na ce lafiya lau. In na ce ba lafiya ba sai maganar zunguru ta tashi, a ɓata abin da aka fara gyarawa. Ta kwantar da kanta a kafaɗata, da hularta ta ƙarfe da komai, ta soma ba ni labarin ɗakin da ta kama a Colorado. Ban motsa ba. Can sai na ji zugin ya daina. Na ce alhamdu lillahi, hannu ya saba.

Saukowa kuwa da mazaunai na yi rabinta, ina dafa ƙanƙara. A ƙasa Linda da Keti suna jira. Linda ta ce in cire safa ta gani. Sai da Ummi ta ja mini ita, don na kasa. Linda tana ganin yatsuna baƙi ta yi ƙara ta dafe ƙirji, ta ƙwala wa wata ma'aikaciyar agaji mai jar riga kira. Ummi ta tuntsire da dariya har tana durƙusawa. Ta ce musu lalle ne, ado ne. Linda ta sauke ajiyar zuciya, ita ma ta kama dariya. Mata suka taru, wannan ta ce ta gani, waccan ta fito da waya. Na ji ɗiyata tana yi musu bayani da Turanci, cewa uwarta 'yar Nijar ce, haka muke yi in za mu biki ko baƙunta. "Muke" ta ce. Ta kama hannuna ta ɗaga shi sama tana nuna zanen. Na baza yatsu goma a cikin iskar nan aka yi ta ɗaukar hoto.

Mai jar rigar ita ba ta yi dariya ba. Ta kama manuniyata ta dama ta danna ta ce ina jin wannan? Na ga ta danna, amma ban ji komai ba, kamar yatsar wata ta kama. Na dubi fuskar Ummi. Na ce ina ji. Ta ce ba ta iya ganin launin fatar saboda lallen, in shiga ciki in sa hannu a ruwa mai ɗan ɗumi, kar in murza, kar in kai shi kusa da wuta. Na ce to, na mayar da safata. Ba mu shiga ba, don Keti tana so a ƙara hoto a wajen wata bishiya.

Da muka koma gida bayan la'asar na yi abin da kowace 'yar Maradi za ta yi. Na tsuguna gaban murhun falo na miƙa hannu ga wuta, kusa sosai tunda ba na jin zafinta. Na shiga ɗaki na lakato man zafi da bayan hannu na yi ta murzawa. Sannan na fito da mataji da kibiya na jera a kan gado. Ina jin muryar Ummi a falo, ta wanke kai, ta ce wa Keti gashinta ya cukurkuɗe cikin hula. Dama ta zo har gida. Na ɗauki kwalbar man kaɗanya in buɗe, ta suɓuce ta faɗi. Na sake ɗauka ta sake faɗuwa. A nan ciwon ya taso. Na haihu sau uku, ban taɓa jin irinsa ba. Na cusa bakin mayafi a baki don kar a ji ni. Da Ummi ta leƙo na ce gajiya ce, zan kwanta. Ta ga matajin a kan gado, ta tsaya kallon sa, ta ja ƙofa.

Gari ya waye yatsuna sun kumbura sun yi bororo, wasu da ruwa wasu da jini. Zobba sun nutse cikin nama. Ummi ce ta ɗaga filo za ta gyara mini kwanciya ta ga zungurun, da takardar kantin a jikinsa. Ta mayar da filon a kai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Linda ta kai mu asibitin garin da ke gindin dutse, tana tuƙi tana kuka tana cewa laifinta ne. Aka yanke zobbana da ɗan zarto, har da wanda uwata ta bar mini. Lokotoron, wato likita, ya tambayi tun yaushe, ya tambayi suga, ya tambayi ko na kai hannu wuta. Kowace amsa na bayar sai ya ɗan rufe ido. Ya ce da jiya aka kawo ni da akwai abin da za a gwada. Ya ce yanzu ba wanda zai iya cewa ga inda naman ya mutu ga inda yake da rai, ga lalle kuma ya rufe, sai an jira makonni. Suka naɗe mini hannu biyu da farin bandeji, dunƙule, yatsu duk a ɗaki ɗaya.

Hanyar dawowa ban ga komai ba. Ummi ta tsaya a gidan man nan na ranar zuwa ta sayo shayi, ta riƙe mini kofin a baki ina kurɓa. Wajen Winston-Salem ta ce, idonta yana kan titi, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa in abu yana miki ciwo?" Na juya fuska wajen taga.

Daga nan sai zaman jira. Kullum in an kwance bandeji in duba. Lallen ya fara kodewa, zanen bayan hannu ya tafi, hagu ta washe gaba ɗaya sai dai ɓawo. A dama ma ƙaramin yatsa da na zobe suka dawo. Manuniya da na tsakiya suka ƙi. Hajiya Rabi ta zo ta duba ta ce, "Lallen nan mai kyau ne, yana daɗewa, ki ƙara haƙuri." Ita ma ta san ba lalle ba ne. Ta fita wurin ajiye motoci ta yi kukanta, ta dawo da jan ido tana cewa mura ce. An cire gaɓa ɗaya a manuniya, an datse kan na tsakiya. Babban yatsa yana nan, amma kansa kamar an naɗe shi da roba. Duk mai kitso ta san da waɗanne uku ake kama gashi. Kujerata a shago yanzu wata yarinya 'yar Dosso ce a kai, an ce hannunta ba laifi.

Masu zuwa dubiya suna cewa ƙaddara ce, kuma na yarda. Amma in dare ya yi ba ƙaddara nake gani ba, dattijon nan mai farin gemu nake gani yana cewa matsi da lema. Garin gyaran gira na rasa ido. Ku da kuke tambaya don yaranku sun fara ja ku zuwa can, ga abin da na sayo da yatsuna. Ku sayi mummunar, mai ɗaki ɗaya, wadda ba ta shan ruwa, mai dogon wuya, mai ɗan fili a ciki. Ku bar zobba a gida. In kun yi alwala ku busar da hannu ko da duk matan Amurka suna layi a bayanku. In zugi ya daina ba sauƙi ba ne.

Lahadin ƙarshe kafin tafiyarta, ina zaune a falo da rana, Ummi ta fito daga ɗaki da mataji da kibiya da kwalbar man nan. Ta tsefe kanta da kanta. Ta jawo filo ta ajiye a ƙasa, ta zauna tsakanin gwiwoyina ta jingina. Ta ce, "Mama, ki yi mini. Ko guda biyu ne."

Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan. Na ɗauki kibiya da hagu na ja tsaga, ta karkace. Na sa dama cikin gashin. Ina ganin sa a tsakanin yatsuna, baƙi, cike, gashin da na sani tun yana ɗan tsiro, amma ban ji shi ba. Na raba uku na murɗa ya zame. Na sake ya zame. Ta ce, "Ki ja sosai, ba ya mini zafi." Na yi ta yi har inuwar taga ta bar kan kafet ta hau bango, ban ɗaure ko ɗaya ba. Ƙarshe na juya hannu na ɗora bayansa a tsakiyar kanta, don nan ne ke da sauran ji. Muka zauna haka. Hawayena yana sauka cikin gashinta, ba ta juyo ba, ni ma ban kira ta ba.

Ranar Talata ubanta ya kai ta filin jirgi, kanta a ɗaure da ɗankwali.

Zungurun yana nan rataye bayan ƙofar ɗakina, sabo fil, ko takardar ba a cire ba. Duk wadda za ta je dutsen ta biyo ta ɗauka, ba sai ta dawo da shi ba. Kuma don Allah kar ta yi ƙunshi.